Yadda Ake Shirya Jawabin Ban Dariya Domin Liyafar Aure

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai katunan gayyata su fara yawo a majami'unmu. Daga watan Nuwamba har zuwa Kirsimati, da kuma makonnin bayan Ista, da wuya Asabar ta wuce ba a ɗaura aure ba. In an fito daga majami'a akan wuce wurin liyafa, a can kuwa ake neman wanda zai tashi ya yi magana a madadin abokan ango, ko ƙawayen amarya, ko dangi. Sau da yawa wanda ake nunawa shi ne wanda ya yi sakandare, domin ana ɗauka tun da ya yi muhawara a makaranta ba zai rasa abin faɗi ba.

Saboda haka, ku 'yan ajin ƙarshe da kuke shirin barinmu, ku sani wannan aiki yana jiranku a gaba. Wata rana abokin da kuka jiƙa garin rogo tare da shi zai aiko muku cewa ku ne za ku yi magana ranar aurensa, kuma yana so jama'a su yi dariya. Abin yana da sauƙi a ido, amma mun sha ganin liyafar da ta yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi saboda kalma ɗaya da wani ya saki da sunan wasa. Akwai surukan da suka yi shekaru suna gaisuwa sama-sama saboda irin wannan. Don haka muka ga ya kyautu mu bayyana yadda ake shirya wannan jawabi tun daga tushe.

Ko Ya Dace Mai Bi Ya Ba Da Dariya?

Akwai masu ganin cewa mai bi na gaskiya sai ya riƙa ɗaure fuska a kowane taro. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Sura 3 ta littafin Mai-Wa'azi ta lissafta dariya a cikin abubuwan da suke da nasu lokaci. Karin Magana 17:22 ta kwatanta farin cikin zuciya da magani. Sunan Ishaku ma, ma'anarsa dariya ce, kamar yadda muka gani a Farawa sura 21, inda Saratu ta yi murnar samun ɗa a cikin tsufanta.

Mu duba kuma bikin Kana ta Galili a Yohanna sura 2. Ruwan inabi ya ƙare ana tsakiyar biki, abin da zai zama babban abin kunya ga gidan ango. Yesu ya sa aka cika tuluna 6 na dutse da ruwa, ya mai da shi ruwan inabi. Shugaban bikin kansa bai san inda ya fito ba, sai ya kira ango ya yi masa magana mai kama da zolaya a kan ajiye mai kyau sai a ƙarshe. Abin lura a nan shi ne, alamar farko da Ubangijinmu ya yi, rufin asiri ne ya yi wa sababbin ma'aurata. Wannan shi ne ma'aunin dukan abin da za mu faɗa a gaba. Jawabin da ya tona asirin ango ko amarya ya juya wa abin da aka yi a Kana baya, ko da jama'a sun yi dariya har da hawaye.

Littafin ya kuma ja mana kunne. Karin Magana 26:18-19 ta kwatanta wanda ya cuci maƙwabcinsa sannan ya fake da cewa wasa yake yi da mahaukacin da yake harba kibau masu wuta. Afisawa 5:4 ta hana zancen batsa da wasan banza. To, dariya halal ce, amma tana da shinge.

Raha Daban, Ba'a Daban

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Raha ita ce magana mai daɗi wadda kowa zai yi dariya, har da wanda ake maganar a kansa. Zolaya ita ce tsokanar da ake yi tsakanin waɗanda suka saba, kowa ya san ba da mugun nufi ba ne. Ba'a kuwa mai da mutum abin dariya ne, a yi dariya shi yana jin zafi. Habaici jifa ne a fakaice ba tare da kama suna ba, amma wanda aka yi dominsa ya san da shi ake. Zambo shi ne siffanta mutum da muni, irin wanda makaɗa suke yi wa abokin hamayyar ubangidansu.

A cikin waɗannan, raha da zolaya kaɗai ke da mazauni a wurin liyafa. Hanyar gane su ba ta da wuya, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Kafin ka rubuta kowace magana, ka kawo fuskar mahaifiyar amarya a ranka, ka tambayi kanka ko za ta yi murmushi, ko kuwa za ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran ɗankwali. In sunkuyawa za ta yi, ka soke maganar.

Muna da masu ban dariya na gargajiya da za mu koya daga gare su. 'Yan kama sukan kwaikwayi mai wa'azi, amma duk wa'azin nasu a kan tuwo da nama yake, jama'a su yi ta dariya ba a ci mutuncin kowa ba. 'Yan gambara kuwa an san su da sakin baki, nasu salon ba na ɗakin taron ikkilisiya ba ne. Iyayenmu suna tunawa da Samanja, wato marigayi Usman Baba Pategi wanda ya rasu a 2023. Abin da ya sa wasansa ya shiga zukata a rediyo da talabijin na Kaduna shi ne, dariyar tana fitowa daga halin sojan da yake kwaikwaya da yadda yake cakuɗa Hausa da Turancin bariki. Mutane suna dariya, suna kuma ƙaunar mutumin. Haka ya kamata a ji game da ango in ka zauna.

Wa Ke Da Izinin Tsokanar Wa?

A ƙasarmu ba kowa ke wasa da kowa ba. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji. Matar wa takan yi wasa da ƙannen mijinta. Akwai wasan garuruwa da ƙabilu, kamar na Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi. Wannan al'ada tana da daraja ƙwarai, har a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar a cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam, saboda yadda yake kashe gaba tsakanin jama'a.

A ɗaya gefen kuma akwai kunya. Ba a wasa da suruki ko suruka. A gidaje da yawa iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, balle su zauna a yi ta barkwanci a kansa a gabansu. Ƙabilunmu na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Borno da sauran wurare kowace tana da nata tsarin, don haka in auren ya haɗa gidaje biyu masu al'ada daban, ka je wurin wani dattijo na kowane ɓangare ka tambaya.

Daga nan ka duba matsayinka. In kai abokin ango ne, izininka a kan ango yake, amarya kuwa yabo ne rabonta daga bakinka. In ke ƙawar amarya ce, kina iya zolayarta kaɗan, ki girmama ango. Kakar amarya tana iya tashi ta ce ango mijinta ne aka ƙwace mata, ɗakin ya ɗauki shewa, domin hurumin ta ne. In saurayi ɗan shekara 25 ya ari irin wannan magana ya faɗa wa mahaifiyar amarya, ya yi rashin kunya.

Wasan ƙabila yana buƙatar ƙarin hankali. Yana tafiya daidai ne in duka ɓangarorin biyu sun san shi, sun kuma gaje shi. A ɗakin da ya tara mutane daga ƙabilu goma, wasu ba su san akwai wannan wasa ba, zagi kawai za su ji. Ban da haka, tun bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya, akwai zukatan da ba su gama warkewa ba. A yawancin bukukuwanmu akwai 'yan'uwa da maƙwabta Musulmi da suka bar harkokinsu suka zo taya mu murna. Wasa da addinin baƙo ko ƙabilarsa yana ɓata shaidar ikkilisiya a cikin minti ɗaya.

Inda Ake Samo Abin Faɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aure ba ya zuwa ba zato, domin akan yi sanarwa a majami'a Lahadi uku, dokar aure ta Nijeriya kuma ta ce sanarwar da aka kai ofishin rajista sai ta yi kwana 21 kafin a ba da takardar izini. Ashe kana da aƙalla mako uku. Ka yi amfani da su kamar haka.

A mako na farko ka sami takarda ka rubuta duk abin da ka tuna game da mutumin, ba tare da zaɓe ba. Yaya yake cin abinci? Wace kalma ce ba ta barin bakinsa? Me yake tsoro? Yaya yake da kuɗi, mai hannun sake ne ko mai ƙulli? Wane canji aka gani a wurinsa tun da ya fara neman aure? Ka tambayi abokai biyu ko uku su ƙara maka.

A mako na biyu ka tace. A cikin labarai goma, ka zaɓi biyu, in sun yi yawa uku. Labarin da ya cancanta yana da alamu uku. Na ɗaya, gaskiya ne. Na biyu, wanda bai yi makaranta tare da ku ba zai gane shi ba tare da dogon bayani ba. Na uku, a ƙarƙashin dariyar akwai wani hali mai kyau. Ƙullin hannu yana iya zama tattali, taurin kai yana iya zama naciya, yawan surutu yana iya zama son jama'a. Labarin da ba ka iya juya shi ya zama yabo ba, ka bar shi sai kun haɗu ku kaɗai.

A mako na uku ka karanta wa mutum biyu: wani tsaranka, domin ka ji ko akwai dariya a ciki, da wani babba kamar matar fasto ko dattijon ikkilisiya, domin ka ji ko akwai ƙaya. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In akwai labarin da kake shakka, ka tambayi angon da kansa. Gara ka rasa mamakin da zai yi da ka rasa abota.

Yadda Dariya Take Fitowa

Dariya tana zuwa ne in ka bi da hankalin mai sauraro ta wata hanya, sai kwatsam ka ɓullo da shi ta wata. Ga misali. A ce ango ya kasance mai yawan kukan tsadar mai, ba ya yarda ya kai abokansa kasuwa a kan babur. Sai aka ga kowace Asabar yana tafiyar kilomita 40, wai zai je gai da kawunsa. Mai jawabi zai kawo wannan dalla-dalla, ya yaba wa ango da zumunci, sannan ya ɗan dakata ya ce, "Sai yau Allah ya nuna mana kawun, ga shi nan zaune cikin farar riga da lulluɓi."

Mu lura da abubuwa huɗu a wannan misali. Na farko, kalmar da ke ɗauke da dariyar ta zo a ƙarshen jimla. In ka fara da cewa wurin amarya yake zuwa, ka riga ka zubar da miyar. Na biyu, akwai ɗan shiru kafin a saki maganar, shirun nan shi ke jan kunnen jama'a. Na uku, an ambaci abu takamaimai, babur da kilomita 40 da Asabar, domin abin da ido zai iya gani ya fi ba da dariya a kan magana ta gaba ɗaya. Na huɗu, babu wanda ya ji ciwo, abin da labarin ya nuna shi ne ango yana ƙaunar amaryarsa.

Wata dabara ita ce ƙarin gishiri wanda kowa ya san ƙari ne, kamar a ce ango ya taɓa dafa shinkafa har kajin unguwa suka ƙi ci. Wata kuma ita ce mai jawabi ya fara da kansa. In gwauro ne, yana iya cewa ya ga irin kallon da iyayensa mata na Zumunta suke yi masa tun safe, ya ji saƙon, yana cikin addu'a. Wanda ya fara tsokanar kansa ya sayi izinin tsokanar abokinsa.

Labaran Littafi Mai Tsarki ma ana taɓa su, amma da ladabi. Mutane sukan tuna da Yakubu a Farawa sura 29, wanda ya yi bautar shekara 7 domin Rahila, gari ya waye ya ga yayarta aka kawo masa, sai su ce shi ya sa angon yau ya ɗaga lulluɓi ya duba da kyau. Wannan yana da daɗi, sai dai in amarya tana da yayar da ba ta yi aure ba tana zaune a wurin, ka bar Yakubu ya huta.

Abubuwan Da Ba A Taɓawa

1. Tsofaffin samari ko 'yan matan da ango ko amarya suka taɓa nema.
2. Sadaki da kayan lefe, da duk wata jayayya da aka yi a kansu kafin biki.
3. Siffar jiki: tsawo, ƙiba, launin fata, naƙasa, ko shekarun amarya.
4. Sha'anin ɗaki. Akwai yara a wurin, akwai iyaye.
5. Ƙidayar watanni tara. Addu'ar zuriya tana da kyau, amma ba wanda ya san abin da Allah ya shirya. Wasan da aka yi yau yana iya zama ƙaya a zuciyar matar da ta yi shekaru tana jira.
6. Talaucin gida, ko rashin aikin yi, ko faɗuwa jarrabawa.
7. Wasan da ke nuna aure kurkuku ne, ko mata duka masifa ne. An daɗe ana yin sa, ya tsufa, kuma ya saɓa wa alkawarin da aka ɗauka a gaban bagadi awa biyu da suka wuce.
8. Siyasa da jam'iyya.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A da, in mutum ya yi katoɓara, waɗanda ke ɗakin ne kaɗai suka ji. Yanzu kowa yana riƙe da waya yana ɗauka, kafin a raba shinkafa maganar ta kai Legas. 'Ya'yan da za a haifa a gidan ma wata rana za su kalla.

Tsarin Jawabin Da Tsawonsa

Jawabi mai kyau yana da gaɓoɓi biyar. Da fari gaisuwa, bisa ga girma: shugaban taro, masu hidima, sarakuna in suna nan, iyaye na ɓangarori biyu, sannan sauran jama'a. Sai ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya haɗa ka da ma'auratan, cikin jimla ɗaya ko biyu. Na uku labaran dariya. Na huɗu juyi, inda za ka sauke murya ka faɗi abin kirkin da ka sani game da su. Na biyar fatan alheri da addu'a.

Juyin nan shi ne zuciyar jawabin. Dariya tana buɗe kunne ne domin maganar gaskiya ta sami hanyar shiga. Wanda ya ba da dariya kawai ya zauna, ya yi aikin ɗan kama, bai yi na aboki ba.

Game da tsawo, minti 3 zuwa 5 sun isa. Mai magana a natse yakan faɗi kalmomi wajen 120 a minti ɗaya, saboda haka jawabin minti 4 bai kai kalmomi 500 ba. Ka karanta da ƙarfi kana duban agogo. Ka tuna fasto ya riga ya yi wa'azi, shugaban taro zai yi nasa, ƙungiyoyi suna jiran su rera waƙa, waɗanda suka zo daga nesa suna so su kama hanya kafin duhu, ga kuma ƙanshin abinci yana shigowa ta taga.

A Kula Da Harshe

Da yawa daga cikinmu Hausa ba ita muka tsotsa ba, wannan kuwa ba abin kunya ba ne. Amma a lasifika ƙaramin kuskure yana girma. Baƙi daban, baki daban. Ƙarya daban, karya daban. In ka yi wa ma'aurata fatan su zauna daidai, ka tabbata harshenka bai ce ɗaiɗai ba, domin ka raba su ke nan tun ba su kai gida ba. Ka ja layi a ƙarƙashin irin waɗannan kalmomi a takardarka, ka maimaita su a gida.

Kalmomi masu fuska biyu suna da amfani in an iya su. Ƙawar amarya tana iya ce wa ango, kukan da suka yarda a samu a gidansa shi ne na miya kaɗai. Sai dai irin wannan wasa ba ya tsallaka zuwa Turanci. In za a yi fassara, ka ba tafinta takardarka tun da wuri, ka rage tsawon jawabin da rabi tun da kowace jimla sau biyu za a faɗe ta, ka kuma dogara ga labari fiye da wasa da kalma, domin labari yana rayuwa a kowane harshe.

Ga Misali

Wannan gajeren jawabi ne na abokin ango, mun tsara shi domin a ga yadda gaɓoɓin suke haɗuwa:

"Shugaban wannan taro, Baba Rabaran da Mama, iyayenmu na gidan amarya da na gidan ango, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa da abokan arziki, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Ni da ango gado ɗaya muka yi a makarantar kwana, shi a sama ni a ƙasa, shekara 6. Duk abin da ya faɗo daga wurinsa, a kaina ya sauka.

"A shekarun nan ban taɓa jin ya rera waƙa ba, ko a wurin wanka. Kwatsam bara sai muka ji ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ba ya fashin koyo ko ana ruwa. Muka ce lalle falkaswa ta sauko. Da muka je muka duba, ashe falkaswar tana layin gaba, ɗaure da ɗankwali.

"Amarya, bari in ba ki sirri ɗaya. A makaranta mijinki yana da gwangwani da ya rubuta wa 'maganin ɓera' da manyan baƙaƙe. Shekara biyu muna tsoronsa, ashe sukari ne a ciki. Saboda haka in kin ga irin wannan gwangwani a gidanku, ki buɗe ki duba, can arzikin gidan yake.

"Amma iyayena, akwai abin da ban faɗa ba. A ajinmu na biyar wani ƙaramin yaro ya rasa mahaifinsa, babu mai kawo masa guzuri. Gwangwanin nan da garin da ke cikin akwatin ango, da su yaron ya ƙarasa zangon, ango kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba. Baba da Mama, wannan shi ne mutumin da kuka ba 'yarku. Ya iya ajiya, ya kuma san ranar buɗewa. Shi ma ya yi dace, domin tun da ya san ta muka ga ya ƙara natsuwa. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa gidanku ya zama wurin da mai yunwa zai samu ya ci. Na gode."

A lura, duk tsokanar a kan ango ta tsaya, amarya ba ta sami komai ba sai girma. Labarin gwangwani kuma shi ne ya ba da dariya, shi ne ya zama yabo. Ba a kama sunan yaron da aka taimaka ba, domin shi ma yana da mutuncinsa.

Ranar Biki

Ka rubuta kanun maganarka a ƙaramar takarda, kada ka dogara ga ƙwaƙwalwa, kada kuma ka binne fuskarka a cikin takardar. Ka tsaya inda ango da amarya da iyaye za su gan ka. Ka yi magana a hankali fiye da yadda ka saba. In jama'a suna dariya ka jira su gama. Kada ka riga su dariya, kada kuma ka yi shelar cewa yanzu za ka ba su dariya. In ka saki magana ba wanda ya motsa, ka wuce gaba abinka, bayanin wasa ba ya tashe shi. In kuma ka iso ka tarar yanayi ya canza, wataƙila an yi rashi a dangi kwanan nan, ko an sami saɓani da safe, ka ajiye labaran dariyar ka yi gajeren fatan alheri. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ɗalibai, wurin koyon wannan yana nan kusa da ku. Ƙungiyar muhawara, da ta wasan kwaikwayo, da liyafar sallamar 'yan ajin ƙarshe, duk fagen gwaji ne. Wanda ya koyi zolayar abokinsa a ɗakin kwana ba tare da ya sa shi kuka ba, ya riga ya fara. Muna roƙon malamai da iyaye a ikkilisiya su riƙa sauraron jawabin matasa kafin ranar biki, su gyara musu cikin ƙauna. Allah ya ba mu harshe mai gina gidaje, ya albarkaci dukan auren da za a ɗaura a cikinmu. Amin.